Yatsa Huɗu a Bakin Garwa

Ni mai gyaran firij ne. Sana'ata ke nan tun ina saurayi, in kori zafi daga cikin akwati in bar wa mutane sanyi. To ranar da na ce zan yi akasin haka, in kama zafin rana in tsare shi a ɗakin mahaifina har gari ya waye, Yaya dariya ta yi a waya har da tari.

"Auta, kai dai ba ka rabo da shirme. Rana za ka ɗaure a ɗaki? Da igiya ko da sarƙa?"

Har yau Auta take ce mini, ni da furfura ta fara leƙo mini a gemu. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, shugabar makaranta ce a wani gari mai nisa, kuma duk mutanen duniya 'yan aji ɗaya ne a wurinta.

Maganar Baba ce ta haɗa mu. Tun da Inna ta rasu yake zaune shi kaɗai a gidan da ya gina da guminsa, kuma sanyin bara ya kusa tafiya da shi. Ƙirji ya kama, muka kwana asibiti muka tashi asibiti. Da za a sallame mu likita ya ja mu gefe ya ce abu biyu: kada sanyi ya ƙara kwana a ɗakin tsohon nan, kada kuma a ƙara shigar masa da kaskon gawayi, don hayaƙin ya fi sanyin illa. Wutar lantarki kuwa a layinmu baƙuwa ce, ta leƙo ta gaishe ku ta wuce. Ni ɗaki biyu nake haya, ga mata ga yara, ko kaza ba ta da wurin kwana. Sai Yaya ta kira Baba ina wurin, ta yanke hukunci: kafin sanyin bana ya kankama za ta zo ta ɗauke shi ta kai shi gidanta, can saman bene, inda taga ba ta kallon komai sai bangon maƙwabta.

Baba bai yi mata musu ba. Sai da ta kashe waya ya kama mini hannu ya ce, "Auta, in aka fitar da ni daga gidan nan, gawa aka fitar. Ka yi mini dabara."

Wallahi zuciyata ta karye. Na sake kiran Yaya na ce ta ba ni dama. In na gama ta zo da kanta ta shiga ɗakin, in ta ji sanyi ta tafi da shi, ba zan ce uffan ba. Ta ce ta ji, amma in sani ba ta karɓar uzuri, ko daga malamanta.

Dabarar daga firij na ɗauko ta. Duk mai firij ya san in wuta ta ɗauke, ƙanƙarar da ke ciki ce ke riƙe sanyi, don sai ta narke kaf kafin nama ya fara ɗumi. To kakin kyandir ma haka yake, amma ta ɗaya gefen. In zai narke sai ya sha zafi mai yawa, in kuma zai daskare sai ya mayar da zafin nan a hankali a hankali, ba gaggawa. Ba hayaƙi, ba harshen wuta, ba ruwansa da masu ɗauke lantarki.

Ni da maƙwabcin shagona mai walda muka haɗa akwati mai faɗi a kan rufin Baba, muka shafa masa baƙin fenti, muka shimfiɗa bututun jan ƙarfe a ciki muka rufe da gilashi. Rana ta doke shi, ruwan cikin bututun ya yi zafi, ya gangaro ɗaki ya zagaya tsakanin mazuban kaki, ya bi ta cikin wani duro a bayan gida ya ɗuma ruwan wanka, ya koma sama. Abin da ya rage shi ne mazubi. Sai Baba ya ce in buɗe ɗakin ajiya.

Garewani ne jibge, masu kusurwa huɗu, wankakku tas. Baba mai sayar da man girki ne, a kan sana'ar ya tsufa, kuma duk kasuwa sun san shi da abu ɗaya: ba ya miƙa maka kwalba ko garwa sai mai ya zo baki yana ƙyalli. Har suna suka sa masa, Cika-Baki. Muna yara in ka auna mai ka bar ko rabin yatsa, kunnenka ne zai ba da labari.

Na jera garewanin a kan kantar ƙarfe jikin bango, daura da gadonsa. Kowace na zuba mata narkakken kaki na bar yatsa huɗu daga baki, na kuma huda ɗan ƙaramin rami a murfi. Baba yana zaune yana kallona, bakinsa na motsi.

"Auta, kakin ne bai isa ba?"

"Ya isa, Baba, har da ragowa."

"To me ya hana ka cika?"

Na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce kaki in ya narke kumbura yake yi, yana son wurin miƙe ƙafa, shi kuma ramin murfi na iska ne. Ya ce, "Uhm." Duk wanda ya tashi a gaban tsoho ya san irin wannan uhm ɗin. Ma'anarsa na ji bakinka, yaro, amma ni na riga ka zuwa duniya.

Abu kuwa ya yi aiki! Ni kaina sai da na yi mamaki. In rana ta faɗi, unguwa ta fara kaɗa haƙora, ka shiga ɗakin Baba sai ka ji kamar ka shiga shagon mai burodi bayan an kwashe wuta. Tari ya lafa. Da safe ya buɗe famfo ya sami ruwan ɗumi, har ya fara yi mini tsiya wai na mayar da shi ɗan gayu. Tsofaffin layin suka mayar da ɗakin majalisa, kowa ya shigo sai ya dafa garwa ya ce ikon Allah. Mai walda kuwa ya bi gari yana cewa shi ya ƙirƙiro, na ce je ka, na bar maka.

Na kira Yaya na ce ta taho. Ta sa rana. Tun daga nan Baba ya shiga zulumi, kullum na leƙo sai ya tambaye ni ko ɗumin zai ishe ta, ko za ta ce bai kai ba. Na ce ya kwantar da hankalinsa. Sai aiki ya taso mini a wani kantin kifi da injin sanyinsu ya mutu, na yi 'yan kwanaki ban taka gidan ba, sai dai waya. Kullum amsarsa ɗaya, "Lafiya lau, Auta, kai dai yi aikinka."

Ranar da za ta zo rana ta buɗe sosai, irin wadda nake so, don na san kaki zai narke har gindin garwa. Na je tasha da yamma na tarbe ta. Ta sauko da jakarta da wani ƙunshi babba, na karɓa na ji shi da taushi.

"Yaya, me ke ciki?"

"Labule ne mai kauri, da bargo. Na ƙofar ɗakinsa."

Na tsaya cak a tsakiyar tasha. "Na ƙofar wane ɗaki?"

Ta harare ni. "Kai fa akwai son a faɗa maka magana sau biyu. Na ji muryarsa a waya, ba tari, har da dariya. Kana tsammani daɗi nake ji in tumɓuke tsoho daga gidansa? In ɗakin ya yi yadda ka ce, na bar maka shi."

Ban san lokacin da na fara washe baki ba. A mota sai zuba nake, ina ba ta labarin bututu da gilashi, ita kuma tana cewa in rage murya mutane na kallonmu.

Tun daga bakin ƙofar gida na ji warin. Warin kyandir, mai nauyi, har cikin maƙogwaro. Muka shiga tsakar gida, sai na ga wani abu fari yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar Baba, ya sauko dakali, ya miƙe zuwa magudana, bakinsa ya fara daskarewa.

Yaya ta ce, "Innalillahi! Mene ne wannan?"

Na yar da ƙunshin na ruga. Ƙofa ta ƙi buɗuwa, kaki ya riƙe ta daga ƙasa. Na sa kafaɗa na banke ta, ƙafata ta zame, na faɗi da gwiwa cikin abu mai ɗumi.

Jama'a, ban taɓa ganin irin wannan ba. Ɗakin nan gaba ɗaya ya zama tafki. Garewanin da na jera da hannuna sun kumbura sun yi ciki, wasu sun tsage ta gefe, wasu ta gindi, kaki na tsiyaya daga kanta zuwa kanta yana zuba ƙasa. Wata ta turo bututu ya goce daga mahaɗinsa, ruwan zafi na tsartuwa a bango. Tabarma ta nutse. Rediyonsa ya nutse rabi. Takalmansa suna bakin gado, kaki ya shanye su sai hancinsu kawai ake gani. Muna tsaye wata garwar ta yi ƙara, ɓas, ta buɗe baki a gabanmu.

Baba yana kan gado, ya naɗe ƙafafu, ya rungume gwiwoyinsa, idanunsa a waje.

"Baba! Baba, ka ƙone?"

Ya girgiza kai. Ya ce, "Auta, tun azahar suke fashewa. Ɗaya bayan ɗaya."

"Me ya sa ba ka kira ni ba?"

Ya nuna ƙasa da haɓa. Wayarsa na can cikin kaki.

Na haye rufi na jefa tsohon buhu a kan gilashin, na sauko na rufe famfon bututu. Kaina ya ɗaure tam. Na gwada abin nan, na sake gwadawa, ranar da ta fi wannan zafi ma ya wuce lafiya. Yaya tana bakin ƙofa ta dafe ƙirji.

Na jawo garwa ɗaya da ba ta fashe ba tukuna. Murfin ya ɗaure gam, sai da na sa filaya. Da ya buɗe, kaki ya yi tsalle ya wanke mini hannu. Cike take har baki. A ƙarƙashin murfin an shimfiɗa 'yar leda an murɗa a kanta, ramin iskar da na huda kuma an toshe shi da sabulu, an shafe shi sumul. Na duba ta biyu, haka. Ta uku, haka. Aikin gwani ne, babu wanda ya iya toshe garwa haka a duk garin nan sai mutum ɗaya.

Na juyo a hankali. "Baba. Wa ya cika garewanin nan?"

Ya sunkuyar da kai.

"Baba, magana nake yi!"

Yaya ta daka mini tsawa. "Kai, Auta! Mahaifinka kake ɗaga wa murya?"

Ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, amma ranar idona ya rufe. Baba ya ɗago kai, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Na buɗe ɗaya da safe, na ga kakin ya faɗa, har rami ya yi a tsakiya. Na buɗe wata, ita ma haka. Na ce to, ashe ci yake yi, kamar man fitila. Ga uwata za ta zo." Haka yake kiran Yaya, don sunan mahaifiyarsa gare ta. "Na ce in ta zo ta tarar ɗumin ya ragu fa? In ta buɗe ta ga garwa rabi, ta ce aikin wasa ne? Ga ragowar kaki a ɗakin ajiya. Sai na ce bari in taimaka maka."

"Ba ci yake ba, Baba! Daskarewa ya yi ya tsuke! Ai na faɗa maka, na faɗa maka yana son wuri!"

"Ka faɗa. Amma Auta, garwa da huda a murfi? Ni ban taɓa barin garwa tana shan iska ba. Idona ya kasa gani."

Na zauna daɓas a bakin dakali, cikin kakin da komai. Takaici ya cika ni har na rasa ko kuka zan yi ko dariya. Duk da haka kaina ya fara lissafin gyara. Kaki bai lalace ba, a kankare shi a sake narkawa. Garewani akwai saura. Mai walda zai ɗinke bututu. Na miƙe na fara yi wa Yaya rantsuwa.

"Yaya, ki ba ni 'yan kwanaki. Wallahi ba laifin aikin ba ne, kin dai ji da kunnenki. Zan sa wa kantar ƙofa da kwaɗo, ba mai sake taɓawa. Ki tambayi duk layin nan yadda ɗakin yake."

Ba ta ko dube ni ba. Baba take kallo. Ta tuɓe takalmanta ta tako cikin kakin har bakin gado.

"Baba, garewani nawa ka cika?"

"Duka."

"Da me ka narka kakin?"

"Da tukunyar Innarku. A kan risho."

"Kai kaɗai? Ka ɗauko tukunya daga kicin har nan, ka hau kujera ka zuba a na sama?"

Sai lokacin na lura rigar sanyi ce a jikinsa mai dogon hannu, a ɗakin da mu gumi ke keto mana. Hannun hagu kuma ya maƙale shi a ciki tun shigowarmu.

"Miƙo hannunka, Baba."

"Ba komai, uwata."

"Miƙo."

Ta naɗe hannun rigar a hankali. Tsumma ne ɗaure daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, ya jiƙe da mai ya manne. Da ta ɗaga gefensa, Yaya ta saki salati da ƙarfi, ni kuwa na matso na leƙa. Fatar ta saluɓe. Wani wuri ja jawur, wani wuri fari, gefen ya kumbura yana ruwa, har ya fara wari. Wannan ba ƙunar yau ba ce, ba ta jiya ba ce.

"Yaushe?" Muryata ce, amma ban gane ta ba.

"Ranar da na fara. Tukunyar ce ta goce." Ya yi ƙoƙarin jan hannun rigar ya rufe. "Na shafa mai. Ai ya fara sauƙi."

"Ka ƙone haka, kuma ka ci gaba? Kullum ina kiranka kana ce mini lafiya lau?"

"In na faɗa maka za ka faɗa mata."

Yaya ta zauna a bakin gadon tana hawaye, riƙe da hannun. Ni kuwa idona na kan kujerar katako da ke jingine a jikin kantar, mai ƙafa ɗaya gajera. Na ga tsohon nan a kanta, da hannu ɗaya mai rai ɗaya ƙonanne, da tafasasshen kaki a saman kansa, ba kowa a gidan, ƙofa a rufe. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Ɗaki zan iya ɗuma shi. Kanta zan iya sa mata kwaɗo. To risho fa? Kujera fa? Gobe kuma me idonsa zai kasa gani?

Yaya ta share fuska ta dube ni, kuma wallahi ba faɗa a idonta. "Auta, ni na riga na ba ka magana a tasha, ba zan janye ba. Kai ka san gidan nan, kai ke kusa. In ka ce za ka gyara, mu kai shi asibiti a wanke hannun mu dawo da shi. Faɗi."

Da ma ta yi mini masifa, da ya fi mini sauƙi. Baba ya juyo gaba ɗaya yana kallona, har fuskarsa ta ɗan saki, don ya san wanda ke bayansa tun farko.

Na ce, "Yaya, daga asibiti ki wuce da shi."

Kaki ya ci gaba da ɗiga daga kanta.

Baba ya ce, "Auta, bakinka na ji?"

"Nawa ne, Baba."

Ya daɗe yana dubana. Bai yi faɗa ba, bai yi roƙo ba. Ya ce, "To."

Yaya ta haɗa masa kaya a jaka, abin da kaki bai taɓa ba. Na fita na tsayar da mota a ƙofar gida, na dawo na shimfiɗa katako daga bakin gado zuwa dakali don kada ya zame. Ya sauko da ƙafafunsa a hankali, babu takalmi. Na matsa kusa na miƙa masa hannu.

Ya bi ta gefen hannuna ya kama na Yaya, suka fita.